Ƙyauren Ɗakin Gwaggo Ladi

Talata. Bayan sallar asuba na duba ma'aunin ruwan sama da ke bayan ofishin gona. Babu ko ɗigo. Na rubuta.

Zuwa ga Yaya Sale, a Jos.

Gaisuwa mai yawa, irin wadda ƙane yake yi wa wansa. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke lafiya a nan Haɗeja. Bayan haka, ka sani na kwafe wannan takarda sau biyu. Ɗaya tana hannunka. Ɗayar zan karanta ta a zauren gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a gaban dattawan unguwa. A gabansu ka yi magana shekara goma sha huɗu da suka wuce, don haka a gabansu ya kamata a ba ka amsa.

Saƙonka ya iso ni watan jiya ta bakin direban lori. Ka ce in rushe ɗakin Gwaggo Ladi, in ƙone ƙyaurensa, don kada jikokin gidan su taso su ga ƙazanta. Ba ka tambayi ko tana raye ba. Tana raye, a Guri, wajen dangin mijinta marigayi, kuma idanunta sun tafi.

Bari in tuna maka yadda aka yi, domin na ga nisa yana sa ka mantuwa. Baba yana kwance, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ka je wajen wani mai duba, ya ce maka akwai abin da aka ajiye a ɗakin gabas. Ka shiga ɗakin ƙanwar ubanka ba sallama, ka birkice mata tukwane, ba ka sami kome ba. Da za ka fito sai ka ga wani zane a bayan ƙyaure, can ƙasa, wanda aka ƙona da ƙarfe mai zafi: tsaga uku da suka haɗu wuri ɗaya, da da'ira a kansu. Kwana biyu bayan nan Baba ya rasu. Kafin a yi sadakar bakwai ka riga ka gaya wa unguwa cewa Gwaggo ce ta yi masa sammu.

Abin da ta ce kawai shi ne, “Ba ni na zana ba, Sale.” Ka tambaye ta wanda ya zana, ta yi shiru. Ka ce shirun nan shi ne shaida.

Ba zan wanke kaina ba. Ni na kwafi zanen a takarda, da fensir da rula, yadda aka koya mini a makarantar Midil, kai kuma ka zaga da ita hannu-hannu a zaure. Da zanena bai yi kyau haka ba, wataƙila da ba su yarda ba. Na duba littafina na wannan rana. Ga abin da na rubuta: “Gwaggo ta tafi da hantsi. An yi yayyafi.” Ban ƙara kome ba. Kai ka yi ihu, ni na yi shiru, kuma har yau ban san wanda ya fi wani laifi ba.

To, na cire ƙyauren don in bi umarninka, kamar yadda na saba. Da na kwantar da shi a tsakar gida sai ya ƙi kwanciya, yana ta rawa. Na ja zare daga wannan baki zuwa wancan, na ga tsakiyarsa ta lotsa kamar faɗin yatsu uku. Na auna sau uku, don ban yarda da idona ba. Sannan na ɓamɓare tsohon ƙirgin da aka rufe fuskarsa da shi. A ƙarƙashi akwai doguwar tsaga a jikin itacen, da ƙananan huda jere a kowane gefenta, da guntayen igiya da suka ruɓe a cikinsu. Wani ya ɗinke itace kamar yadda ake ɗinke ƙwarya. Na tsaya ina tambayar kaina: wa zai ɗinke ƙyaure, don me? Ban kunna wutar ba.

Na fara da limamin unguwa, na kai masa sabon kwafin zanen. Ya daɗe yana dubawa, ya ce, “Wannan ba harafi ba ne, ba hatimi ba ne. Ban san shi ba, abin da ban sani ba kuwa ba na raɗa masa suna.” Da kai ma ka yi haka, Yaya, da yau ba na rubuta wannan.

Ranar kasuwa na shiga kara, inda ake cinikin shanu. Ka san abin da Baba ya raine mu a kai: wai kakanmu Bafillatani ne mai garke, annobar shanu ce ta share shi, shi ya sa Baba ya shigo birni ya kama dillancin shanu. Ba zan ɓoye maka ba, ina fata a raina a ce zanen shaidar garken nan ce. Na nuna wa wani tsohon ardo. Ya yi dariya har ya tofar da goronsa, ya ce, “Malam, wa zai ɓata fatar saniya da wannan? Je ka nemi masu shi, ba namu ba ne.”

Na ajiye maganar har aiki ya kai ni Kirikasamma duba shinkafar fadama. Ruwa ya cika, sai da jirgi. Ina zaune a kwalekwale na ɗora hannu a gefensa, sai na ji yatsuna a kan ɗinki: tsaga, huda a jere, igiya. Irin na ƙyauren Gwaggo ne sak. Na fito da takardar na nuna wa mai fito, ya ce shi bai sani ba, amma in nemi Baba Maina, wanda ya fi kowa tsufa cikin masuntan wurin.

Na same shi yana gyaran komar kamun kifi a inuwar tsamiya. Ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, “A kife ka riƙe ta, ɗan boko.” Da ya daidaita ta sai na ga abin da na kasa gani shekara goma sha huɗu: sawun zalɓe ne a kan gora, irin babbar gorar da masunta ke hawa su bi ruwa. Ya ce kowane gida na bakin kogi yana da tasa shaidar. Ana ƙona ta a jikin jirgi da gora, domin in ambaliya ta tsinke igiya ta tafi da su, mutanen ƙasan kogi da suka tsince su su san gidan da za su mayar wa. Wannan kuwa ta gidan Bukar Mai Zalɓe ce. Ya ce, “Da Bukar ya rasu, ɗansa ya fasa jirgin, ya ja ƙanwarsa suka shiga birni. Daga baya muka ji wai ya zama Bafillatani.” Ya ɗaga kai ya ƙare mini kallo, ya ce, “Ba sai ka faɗa ba. Ai ga kunnuwan Bukar nan.”

Ka ji sammun da aka yi wa Baba. Gefen jirgin ubansa ne.

Ban koma gida ba, na wuce Guri. Na yi ta shirya abin da zan faɗa a hanya, amma da na durƙusa a gabanta duk ya watse. Ta shafa fuskata ta ce, “Habu, ka yi furfura.” Na gaya mata inda na fito. Sannan ta ba ni labari. Ranar da Baba ya fasa jirgin, ita ta ɗauki wannan ɓari a ka, tana yarinya, ta ƙi ajiye shi har birni, don shi kaɗai ya rage mata na ubanta. Baba ya bar ta ta riƙe shi bisa sharaɗi: a rufe shi da ƙirgi, a kafa shi a kife, kuma kada ta taɓa gaya wa 'ya'yansa daga inda suka fito. Ta ce, “Ubanku ya ce kada in faɗa, ni kuwa ban faɗa ba. Kai ne ka je ka tono.”

Ka fahimta, Yaya? Kalma ɗaya za ta furta a zaure ta wanke kanta. Ta zaɓi a kira ta mai sammu da ta karya alkawarin da ta yi wa mamaci, ta kunyata shi kafin ƙasar kabarinsa ta bushe. Kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa, kana riƙe da takardata, har ta ɗaura ƙunshinta ta fita.

Na daɗe ina tunanin ko na yi kuskure a wani wuri, don halina ne. Na sake komawa kan kome: lotsawar itacen, ɗinkin, maganar Baba Maina wanda bai san ni ba bai san ka ba, da maganarta ita da ba ta san na gan shi ba sai da na faɗa. Ban sami inda zan kuɓutar da kai ba, kuma na nema.

Kai ne mai toshe hanci da bakin rawani in mun bi ta layin masu bandar kifi. Kai ne ka ce wa abokina na makaranta kada ya sha ruwa a moɗarmu don ubansa masunci ne. Ban ga laifin kamun kifi ba, ban ga laifin kiwo ba, kowa da hanyar abincinsa. Baba ya ji kunyar asalinsa, wannan tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Amma kai ba ka san kome ba, ka yanke hukunci kamar alƙali, ka tafi Jos ka bar tsohuwa tana daka wa baƙi hatsi har ta makance.

Ka rantse cewa muddin kai ne babba ba za ta sake taka gidan nan ba. Ka nemi malami ya gaya maka kaffarar rantsuwa, domin zan dawo da ita. Ba izini nake nema ba. Shekara arba'in ina neman izininka a kan kome, wannan karon sanar da kai nake yi. Ɗakin ba za a rushe shi ba, ƙyauren kuma zai koma inda yake.

Abu ɗaya nake nema a wurinka: ka rubuto mata, da hannunka, ba ta bakin direba ba. Layi uku sun isa, ni zan karanta mata. Ba na jin za ta ga wata damina.

Da zan taso daga wurinta ta riƙe mini riga. Na zaci saƙon fushi za ta ba ni in kai maka, har na shirya ɗauka. Sai ta ce, “Shi Sale, har yanzu ƙafar nan tana damunsa in an yi sanyi? An ce garin da yake akwai sanyi.” Ita ce ta yi jinyar ƙafar nan wata biyu lokacin da ka faɗo daga giginya, ka tuna. Ni ma na tuna cewa saboda ni ka hau, don na yi kuka ina son 'ya'yan. Ina jin haushinka ƙwarai, Yaya, amma kai kaɗai nake da shi wanda ya san wannan.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa abin da ya ɓoye. Allah Ya jiƙan Bukar, kakanmu da ba mu taɓa yi wa addu'a da sunansa ba. Allah Ya ba Gwaggo kwanakin da za ta ji takardarka, Ya ba ka ƙarfin rubuta ta. Ni kuma Ya yafe mini fensirina. Amin.

Ƙaninka, wanda bai daina zama ƙaninka ba,
Habu.

Gobe, in Allah Ya kai mu:
- Kai wannan gidan waya kafin a rufe jaka.
- Neman izinin kwana huɗu wajen Baturen gona.
- Magini: yaɓe bangon gabas, toshe ramin ɓeraye.
- Maƙeri: ƙusoshi da sababbin ƙarafan rataye ƙofa. A kafa ƙyauren daidai, ba a kife ba.
- Sabuwar tabarma da randa.
- Aron takarkari zuwa mashigi, a shimfiɗa masa abu mai laushi.
- Aika wa mai fito ya jira mu ranar Lahadi da hantsi, mutum biyu.