Tofi a Kan Gwiwar Ettore

Vénissieux, 9 ga Maris 2014

Zuwa ga Yayata Hamdiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga babbar yaya, da fatan takardar nan ta iske ku cikin lafiya da rufin asiri. Allah ya ba Inna sauƙi, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita ke kaɗai. Mu nan lafiya lau, sanyi ma ya fara sakinmu. Ciwon bayan A'i ya lafa. Shamsiya ta shiga kwaleji bana, har ta kamo uwarta a tsawo, Faransanci a bakinta ba tsayawa, Hausa kuwa sai an matsa mata. Nazir ya fara ƙaramar lakkal, makarantar 'yan ƙanana, kullum sai ya dawo da rigar wani.

Yaya, ranar Juma'ar nan ta watan jiya da kika kira ni kika gaya mini abin da lokotoron Damagaram ya ce, cewa ɗan ganin da ya rage wa Inna da wuya ya kai damina, kuma ita kanta ta ce tana so ta ga fuskata tun tana iya gani, na yi shiru har kika kashe salula. Na san abin da kika ɗauka. Kin ɗauka ko kuɗin jirgi ne, ko takardun zama. Ba ko ɗaya. Kin san ƙanenki. Na shigo ƙasar nan da jaka guda, na yi dako a kasuwar Goutte d'Or ta Paris, na wanke motoci har fatar hannuna ta tsage, na yi takisi, yau motocin kaina ke yawo a Lyon da direbobina a ciki. Ni da ban gama kwaleji ba, masu manyan takardu na zuwa wurina neman aiki. Ba wanda ya ɗaga ni, kuma tun da na bar dako ba wanda ya ce mini zauna na zauna. Shi ya sa abin da ya riƙe ni yake mini nauyin faɗa a baki, na ga gara in rubuta.

Kin tuna Ettore, dogon Bature ɗan Italiya da ke cikin hoton sunan Nazir, wanda kika ce ko a tsani yake tsaye. Sana'arsa ƙwallon kwando, wadda ake jefawa da hannu cikin wani zobe mai raga can sama. Tun yana saurayi yake cin abinci da ita, ya yi wasa a garinsu, ya yi a Sifen, sannan wani kulob na Paris ya ɗauko shi. Gwanintarsa jifa daga nesa. A lokacin ina takisi, sai kulob ɗin ya ɗauke ni in riƙa kai shi ina dawo da shi, don bai san gari ba, bai jin Faransanci. Da hannu muke magana har wata da watanni. Sai na kai kujerar gaba ƙarshe sannan ƙafafunsa su samu wuri. Mutum ne mai kirki. In azumi ya zo ba ya cin komai a motata, ba tare da na roƙe shi ba.

A shekararsa ta biyu gwiwarsa ta dama ta lalace, aka yi masa aiki, ya yi kusan shekara ba wasa. Ranar da zai koma fili na kai shi har bakin ƙofa, ya ƙi fita daga mota. Na waiwaya na ga ƙaton mutum ya riƙe gwiwa da hannu biyu, zufa na zuba. Ban yi wani tunani ba, Yaya. Abin da Inna ke yi mana in mun faɗi shi na yi masa. Na ɗora hannu a kan gwiwar, na karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, na tofa, na ce masa tashi ka tafi. Ya kalle ni kamar zai yi dariya, bai yi ba, ya tafi. Ranar nan duk abin da ya jefa sai ya shiga. Da ya fito ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa.

Daga nan abin ya zama ka'ida. Kowane wasa, kafin ya shiga, sai ya naɗe ƙafar wando ya miƙo gwiwa. Da farko ina jin daɗi, ba zan ɓoye miki ba, ganin mutumin da dubban jama'a ke kiran sunansa ba ya motsi sai ya ga ɗan Inna. Da wani kulob na Lyon ya neme shi, ya ce musu ba ya zuwa sai da ni. Na duba na ga Lyon akwai hanyar aiki, na kwashe iyali muka dawo unguwar Minguettes ta Vénissieux, a gefen Lyon, nan kuwa Allah ya buɗa mini. Amma in za su Strasbourg ina nan, in za su Le Mans ina nan. Ina da direbobi, amma ni nake tuƙa shi da kaina. Har 'yan wasan sun sa mini suna marabu, wato malam, ni da ko izu biyu ban haɗa ba.

Sau ɗaya na taɓa rashin zuwa, ranar da A'i ke naƙudar Nazir. Ya kira ni ina lopital, ya ce in yi masa ta salula, zai kanga ta a gwiwa. Na karanta, na tofa wa salulata, har wata mai shara ta tsaya tana kallona. A wasan nan ya yi tsalle ya sauka a karkace, gwiwar ta sake tafiya. Aiki na biyu ke nan. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, ya zo suna da sanduna a hammata da kyautarsa. Amma tun daga ranar ko mura nake yi sai na je.

Yanzu shekarunsa talatin da huɗu. Lokotoronsu ya gaya masa a gabana cewa gwiwar ta cinye, in ya sake faɗuwa ɗaya zai ƙare rayuwarsa da sanda, ya kamata ya ajiye. Ettore ya ce ya ji, amma zai kai ƙarshen kakar wasan bana, wato watan Yuni, don bai san wani aiki ba ban da wannan, kuma ba ya so a ce ɗaukarsa aka yi aka fitar. Bayan kiranki na samu mai yi musu tausa, wata mace mai hankali, na ce mata ina so in je gida ko na kwana goma ne. Ta ce ita ba ta yarda da tofi ba ko kaɗan, amma ta san abu guda: in Ettore ya shiga fili da tsoro jikinsa sandarewa yake yi, mai sandararren jiki kuwa shi ke sauka a karkace. Ta ce in zan tafi in tafi, haƙƙina ne, amma kada in ce ba a gaya mini ba. A kwana goma akwai wasa biyu, kuma na san shi, ko ba ni zai shiga.

Na tafi Paris takanas wurin Malam Youssouf, wanda ya ba ni wurin kwana a Goutte d'Or lokacin da na zo. Ya saurare ni, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe na buɗe zaure ban gayyace shi ba. Sannan ya ce addu'a ga mara lafiya ba laifi ba ce ko wane ne shi, amma mutumin nan ya rataya zuciyarsa a kaina, dole in gaya masa cewa ni ba kowa ba ne, Allah ke tsarewa. Ya kuma ce haƙƙin uwa yana gaba, wannan ba sai an tambayi malami ba. Na dawo na gaya wa Ettore haka, ban rage ba. Ya ce ya sani sarai Allah ke yi, shi ma uwarsa tana kunna masa kyandir a coci, amma shi a ganinsa Allah ya saba da muryata a kan wannan gwiwa. Na gaya masa zancen idon Inna. Ya yi kuka, ya ce in tafi gobe, shi zai kai ni filin jirgi. Da ya hana ni, Yaya, da tuni ina Damagaram, don kin san ba a yi mini dole. Amma ya ce in tafi, hannunsa kuma na kan gwiwa yana murzawa, bai ma san yana yi ba.

Jiya Asabar suna da wasa. Muna cikin mota ya naɗe wando, sai ya tambaye ni abin da bai taɓa tambaya ba duk shekarun nan, wai me nake faɗa in na gama karatun, don ya lura bakina na ƙara motsi kwanan nan. Na gaya masa gaskiya. Na ce da ina roƙon Allah ya tsare gwiwar, ya sa ƙwallo ta shiga. Yanzu kuwa ina roƙon Allah ya cire masa son wasan nan daga zuciya, ya tashi wata safiya ya ji ya ƙoshi, ya ajiye da ƙafafunsa, ni kuma in tafi in ga uwata. Na zaci zai yi fushi.  Sai ya miƙo gwiwar, ya ce in ci gaba da roƙon hakan, in ƙara ƙarfi ma, don shi ya gwada da kansa ya kasa. Na tofa, ya fita, ya yi wasansa, ya jefa ta shiga, jama'a na ihu. Na ga fuskarsa lokacin, na san addu'ata ba ta karɓu ba tukuna.

To Yaya, halin da nake ciki ke nan. Ba ni da ranar da zan ba ki. In na tafi ya faɗi, ban san yadda zan ɗauki wannan ba. In na zauna damina ta riga ni, shi ma ban sani ba. Kada ki ce wa Inna aiki ne ya yi mini yawa. Ki karanta mata takardar nan duka, ki bar ta ta yanke. In ta ce in taho, zan taho a satin, ko me zai faru a nan, kuma ba zan waiwaya ba. In ta ce in tsaya, to ta sa Ettore a addu'arta, ta roƙa masa abin da nake roƙa, bakinta ya fi nawa.

Ki gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman, ki riƙe hannunta a madadina. Ki gaida maigidanki Alhaji Abdourahamane, da Kawu Dodo, da Daouda da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni. A'i da yara suna gaishe ku. Ina sauraron abin da Inna za ta ce.

Ƙanenki,
Illiassou