Inci Ɗaya a Ƙarƙashin Keken Marlys

Litinin, 3 ga Maris

An tura mu benen katakon nan mai hawa uku na gefen tafki, wanda ya yi gobara ranar Alhamis da rana. Ɗakin ƙasa ya ƙone ƙurmus. Aikinmu ni da Duane, tsohon da ya koya mini daɓe: mu gano abin da aka zuba a kan katakon hawa na biyu, don a mayar da irinsa. Warin hayaƙi har cikin gashina.

Talata, 4 ga Maris

Na yaye ledar ƙasa, na duba, na ce siminti ne mara nauyi, mu tafi. Duane ya ce, "Jolene, shekara tara kina wannan aiki, har yau da ido kike yi? Durƙusa." Ya miƙo mini ƙusa. Ina kartawa sai ga farin gari kamar alli. Ya ɗiga ruwa, nan take ya shanye. Da siminti ne da ya fito toka-toka, ya ƙi ƙusa, da 'yan tsakuwa masu ramuka a ciki. Jibsam ne, dangin farar filasta. Abin da na fi tsana kenan: ya jiƙa ya ruguje, tayil ba ya kama shi sai da lallashi. Kaurinsa inci ɗaya kacal.

Na ce, "Tsoho, ka ci." Ya ce dama can.

Laraba, 5 ga Maris

Dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Ba aiki.

Alhamis, 6 ga Maris

Mai ɗakin hawa na biyun ta zo kwasar kayanta. Marlys Tuominen, shekara tamanin da ɗaya, a keken guragu. Surukinta da wani maƙwabci suka hawo da ita. Ranar gobarar, minti arba'in ta yi a kicin ɗin nan ita kaɗai, lif ɗin hawa da sauka ya mutu, kafin 'yan kwana-kwana su iso gare ta.

"Ina jin wutar tana gurnani a ƙarƙashina, 'yar nan. Ƙasan ya yi ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu. Har gumi ya riƙa yi."

Gumi! Na ɗauka ruɗewa ce. Duane ya ce a'a. Wai akwai ruwa ɗaure a jikin jibsam tun daga dutsensa. Idan wuta ta taɓa shi sai ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kuma zafin ba ya ƙetarewa sai ruwan ya ƙare. Silin ɗin ɗakin ƙasa, shi ma na jibsam, ya yi nasa ya faɗi, saura wannan.

Ta nuna mana inda kekenta ya tsaya. Na danna jibsam ɗin wurin da babban yatsa, ya marmashe kamar gari. Katakon da ke ƙarƙashinsa rabi ya zama gawayi. Ba ɗigon ruwa ko ɗaya da ya rage wa jibsam ɗin.

Shekara tara ina zagin abin nan. Ban iya cin abincin rana ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Brent, manajan ginin, yana so a shimfiɗa katako kawai. Kwana biyu an gama, maimakon mako biyu ana jiran bushewa. "Haba Jolene, wa zai yaye leda ya duba?" A da, da na ɗaga kafaɗa. Na ce jibsam na rubuta a rahoto, jibsam za a zuba. Ya ce zai nemi wasu. Na ce ya nema.

Duane ya sayo mini kofi, abin da bai taɓa yi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Brent ya kira. Motar zubin jibsam za ta zo Talata. Ko gaisuwa babu.

Lahadi, 9 ga Maris

Shekara huɗu muna zaune a hawa na uku na wani benen katako dabam ni da 'yata Tessa, ban taɓa sanin me muke takawa ba. Bayan coci na shiga ɗakinta, na cire murfin ramin iskar ɗumi da ke gefen gadonta, na leƙa. Fari ne. Inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Na ɗora tafin hannuna a kai, na daɗe a durƙushe.

Ta shigo ta ce, "Mama, me kike nema?"

Na ce ɗan kunnena ne ya faɗi.