Yaɓen Zauren Gidanmu

Gaya, daren Talata, farkon damina

Barci ya ƙi zuwa, zauren gidanmu ne a raina.

Simintin da muka shafa wa bangonsa bara ya ɓamɓare da ruwan jiya. Mu a ganinmu gata muka yi masa, ashe danshi siminti yake tara wa ginin ƙasa. Yaya Sani ya ce a rushe kawai a yi shaguna.

Da la'asar na je dubawa. Inda bangon ya ɓalle sai ga yaɓe kan yaɓe, wani ja, wani baƙi-baƙi, kowanne da sawun yatsun wanda ya yi shi. Kakarmu Inna ta dogaro sanda ta nuna wani ja can ciki, ta ce, "Wannan kakanku ne ya yi, shekarar da aka kawo ni gidan nan."

Na ce, "Na ƙarƙashinsa fa, Inna?"

Ta ce, "Ɗan nan, shi ma tarar da su ya yi."

Na kalli azarar da ke ɗauke da rufin, ba ƙusa ba ƙarfe. Na sa yatsuna cikin sawun da ya fi zurfi, suka zauna daram. Subhanallahi, hannun wa na taɓa?

Duk wanda ya gaji zauren nan ƙara masa ya yi. A kanmu za a rushe shi? Da asuba zan sami Yaya kafin ya kira leburori.

Ƙasar tana farcena har yanzu, na kasa wankewa.