Sharaɗi na Tara

Jidda, 2 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Halimatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zance.

Na kama wa Inna ɗaki a babban jirgin ruwa na shaƙatawa. Zai tashi daga Jidda ranar 14 ga Disamba, ya yi kwana bakwai a Bahar Maliya. Kin san tun da ta hango tekun nan ta tagar jirgin sama a hanyar Hajji, shekara goma sha tara ke nan, ba ta daina maganarsa ba. Ƙafarta kuma ƙara ƙi take yi, ban ga alamar baɗi za ta iya ba. Kamfanin ba ya ɗaukar tsohon da ake turawa a keke sai da ɗan rakiya, don haka na sa sunan autarmu Adawiyya. Ni zan tarbe su, in kai su bakin jirgi.

Na fassara sharuɗɗansu guda goma sha ɗaya a takarda ta daban. Ki je Kusada ki karanta wa Inna. Ga waɗanda na san za a yi rigima a kansu. Fasfo ya zama da sauran wata shida kafin ya ƙare. A yi allurar rigakafin shawara, a karɓi katin. Kowane magani ya zo cikin kwalinsa, da takardar likita. Ba a shiga da kasko ko gawayi ko turaren wuta ko dutsen guga. Ba a shiga da abincin gida. Ranar farko kowa zai sa rigar ceto a yi atisaye, ba a ɗaga wa tsoho ƙafa. Canjin suna kuma yana rufewa ranar 14 ga Nuwamba.

Kada a yi mini aikin gobe-jibi.

Yayanki,
Abdulmannan

Kankia, 20 ga Oktoba

Yaya Abdulmannan,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai godiya. Umarni ya iso, ranka ya daɗe, kuma baiwarka ta zartar. Kai kana cikin sanyin ofis kana jero doka, ni ce a bayan motar haya tsakanin Kankia da Kusada kowace Asabar, takardun ɗalibai na jirana a kan tebur. Ko sannu babu a wasiƙar taka, na duba har bayanta.

Na karanta wa Inna. Da na kai kan daddawa da kuka sai ta tsayar da ni, ta ce, “To mi za ni ci a can, kihi safe da rana?” Kan turaren wuta kuwa mun kwashe rabin yini, ta ce ɗakin da ba a turara ba ai shago ne. Magungunanta ka san yadda take yi da su. Duka ta ɓare ta zuba a gwangwanin madara guda, da launi take gane su. Kwana biyu na yi tsakanin asibiti da kemis kafin kowace ƙwaya ta koma gidan ubanta.

Amma murna, Yaya, ban taɓa ganinta haka ba. Mata na zuwa daga ƙauyukan Ƙofa da Yashe suna yi mata barka, ana tsakiyar girbi. Da ta ji zancen rigar ceto sai ta sa na ɗaura mata filo biyu, gaba da baya, ta zaga tsakar gida da sandarta wai kada ta ba ka kunya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya tausayinta ya kama ni.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Laraba na kai su Katsina allura. An yi wa Inna, ba a yi wa Adawiyya ba. Ka cire sunanta tun da sauran lokaci. Ka sa Adda Kamila, ka sa matar Kawu Dawuda, ka sa duk wadda ka ga dama. Akwai dalili, irin wanda ba a faɗa wa yaya namiji. Yarinyar nan watanta takwas a ɗakin miji, ka zauna ka yi tunani.

Ka gaida iyalinka.

Halimatu

Jidda, 23 ga Oktoba

Halimatu,

Salam. Na yi tunanin kamar yadda kika umarta. In mijinta kike nufi, na kira Ashafa, ya ce shi bai hana ba. Na kira ita kanta na tambaye ta ko akwai abin da zai hana ta tafiya, ta ce babu. Allura kuwa tun tana ƙarama take gudunta, a mayar da ita a yi mata.

Bari in faɗa miki abin da na gani. Kin jero mini sunan kowa, kin bar naki, don ni in faɗe shi da bakina. Kin daɗe kina ganin ke kika fi kowa wahala da Inna, kuma ban musa ba. Amma da kin fito kin ce Yaya ni nake so in je, da ya fi mini wannan zagaye-zagayen. Yarinya ba ta taɓa wuce Kano ba, ki bar ta ta ga duniya. Suna yana nan yadda yake.

Na turo takardar lafiya ta kamfani. A buga, kowace ta cike tata.

Wassalam,
Abdulmannan

Kankia, 17 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaida na gaba da ni ko da raina a ɓace yake.

Wasiƙarka na karanta, amma sati uku na yi ban buɗe takardar da ka turo ba. Ni ka kira mai hassada? Ni da na goyi Adawiyya a bayana har fatar kafaɗata ta saɓule? Na rantse ba zan ƙara sa baki a tafiyar nan ba, kuma na riƙe rantsuwata har jiya, da Inna ta aiko tana tambaya ko an gama takardu. Na je shagon kwamfuta na bakin tasha aka buga mini takardar lafiyar. A bayanta ga sharuɗɗan kamfani da Turanci, yadda suka rubuta su. Goma sha biyu ne, Yaya. Naka goma sha ɗaya.

Na tara ka tsallake. Ya ce ba a ɗaukar macen da cikinta zai kai sati ashirin da huɗu kafin a sauka, ko da takardar likita, kuma a bakin jirgi ake mayar da ita.

To ga shi, tunda sai an rubuta maka baƙi a kan fari. Adawiyya ciki gare ta. Ranar da jirginku zai tashi tana sati ashirin da bakwai. Shi ya sa ma'aikaciyar asibiti ta ja ta gefe, ta ƙi yi mata allurar. Ka sa na rubuta wa yayana kalmar da ko a gaban mijina ban faɗe ta ba a cikina na fari, Allah ya isa tsakanina da wannan alƙalamin.

Ka ce ka tambaye ta. Me kake so ta ce maka? Cikin fari ne, ko ni da na gani da idona ba ta ɗago kai ta dube ni ba. Ashafa zai buɗe baki ya gaya wa yayan matarsa? Inna ta sani sarai, ta ma gyara ɗakin da za ta ajiye ta goyon ciki in sun dawo, amma uwa ba ta furta wannan. Dukansu sun ɗauka jirgi ɗaki ne mai tafiya, mai ciki za ta kwanta abinta. Mutum ɗaya ne a cikinmu ya san akwai doka, shi ne kuma ya shafe ta.

Canjin suna ya rufe kwana uku da suka wuce. Akwatin Inna na ɗaure a bakin gado, kullum sai ta buɗe ta ƙara wani abu. Ban gaya mata ba. Kai ka ƙulla, kai za ka gaya mini abin da zan ce mata.

Halimatu

Jidda, 20 ga Nuwamba

Halimatu ƙanwata,

Assalamu alaikum. Na karanta, kuma ban da bakin kare kaina a kan na tara. Na zo kansa ina fassara, na tuna a gaban Inna za a karanta, sai hannuna ya ƙi. Na ce wa kaina tsohuwa da amarya, me ya haɗa su da wannan. Zargin hassada kuma na janye shi, ki yafe mini.

Amma ke ma ki ɗauki naki kason. Da kin buɗe takardar da na turo a ranar da ta iso, da muna da sati uku a hannu. Fushinki kika zauna kina lallashi har ƙofa ta rufe. Raina a ɓace yake da ke, kamar yadda yake a ɓace da ni kaina.

Na je ofishinsu sau biyu. Sun ce sunayen fasinjoji sun riga sun tafi wurin hukumar tashar ruwa, ba za su karɓi sabon mutum daga waje ba, ga kuma biza. Abu ɗaya suka yarda da shi, wanda yake zaune a ƙasar nan da takardun zamansa a hannu zai iya maye gurbin. Na duba ko'ina, Halimatu. Matata na fama da jariri. Saura ni. Na nemi hutu an ba ni, zan iya zuwa Kano in ɗauko ta.

Sai dai kin san matsayina. Ni ne ɗan fari. Shekarata arba'in da huɗu, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, sai dai “wancan”. In na shiga ɗakinta bango take kallo har in gama gaisuwa. Ba ta taɓa kai loma baki ina wurin ba. Ɗakin jirgin kuwa guda ne, gado biyu, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Ni zan tura kekenta, ni zan ɗaura mata rigar ceto, kwana bakwai. Ina tsoron ta zaɓi ta haƙura da tekun a kan ta zauna da ni, kuma in ta yi haka ban san yadda zan ɗauka ba.

Suna son amsa ranar Alhamis. Ba zan iya tambayarta da kaina ba. Ki je.

Yayanki,
Abdulmannan

Kusada, 22 ga Nuwamba

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na zo, na gaya mata komai, ban rage ba. Ta juya fuska bango kamar kana ɗakin. Har na fara tattara jakata, na ce a raina shi ke nan, mun kashe mata tafiya ni da kai.

Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Shi wancan ɗin, shi ya ce zai tura keken?”

Na ce shi ya ce.

Ta ce, “To a tambayi masu jirgin, halan dokarsu ta hana labule?”

Na ce ban sani ba. Ta ce a tambaya da wuri, don gobe za ta aika wa tela yadi huɗu.

Na fita zaure na yi kukana. Ni da kai ba mu gama ba, amma wannan sai ka zo. Ka tambaye su yau.

Ƙanwarka,
Halimatu