Ashe Sale ne ɗan kwangilar

Talata, bayan isha'i

Yau aka cire tsohon tankin dizal ɗin da ke yoyo a bayan ginin kafilina, ubangidana Balarabe, a Sharafiyya ta Makka. Tun watan jiya nake roƙonsa ya bar min aikin, tunda shekarata ashirin ina walda. Ya ce halas, magana ta ƙare, ya riga ya kira ɗan kwangila mai lasisi.

Ashe Sale ne. Salen da na koya wa walda, wanda ya shekara yana kwana a ɗakina a Ammariyya. Ya zo da motar ɗaga kaya da ma'aikata huɗu, ga sunansa ɓaro-ɓaro a jikin motar. Kafili da hannunsa ya zuba masa gahawa, ni kuwa aka ce in buɗe ƙofa.

Da Sale ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Kawu, ta ina zan fara yanka?"

Na ce ya zuƙe man, ya cika tankin da ruwa tukuna. Haka ya yi, aiki ya yi kyau, kafili ya yi ta yabon basirarsa.

Na ce masa Allah ya ƙara buɗi. Allah ya yafe min, a baki kawai na faɗa.