Sunan da Ke Kan Kwangilar Danja

Ulaisha, Riyad
Disamba

Zuwa ga ƙanena Nu'uman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka Mubina da yara. Gaisuwa wajibi ce, na sauke ta, saura magana.

Na kira wayarka har na haddace muryar Balarabiyar nan da ke cewa a kashe take. Na je sitonku na unguwar Sulay, maigadi ya ce manaja ba ya nan, alhali motarka na fake a inuwa, na dafa gabanta na ji ɗumi. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Dawuda direba zai miƙa maka hannu da hannu.

Bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. Bara baladiya, hukumar birni, ta yi shelar kwangilar sabunta danjojin wasu mahaɗu a Sulay, haɗe da tanadin kayan gyaran hanya na lokacin sanyi: injunan zuƙe ruwa, buhunan yashi, kwaltar cike ramuka. Sharaɗinta, duk kamfanin da ke nema sai yana da ƙwararren ma'aikacin danja mai takardar shaida. Kamfanin kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka a takardun zama, ba shi da ko ɗaya. Mijina, Baban Mansura, yana da ita tun kafin ka iya ɗaura zariyar wando.

Sai ga ka ranar Juma'a da tiren shinkafar kabsa. Ka miƙe ƙafa a kan dardumata kana tsokanar sa kamar kullum, wasan ƙanin mata da mijin yaya: "Tsoho, wani saƙo zai shigo wayarka, karanto min lambar kafin idon ya ƙarasa mutuwa." Ya yi dariya, ya lalubo tabarau, ya karanto. Ina kicin ina haɗa shayi, ni ma dariyar nake. Da lambar nan ka ɗauke kafalarsa, wato rajistar zama da aikinsa, daga hannun dattijon da ya riƙe shi da mutunci shekara da shekaru, ka mayar da ita kamfaninku, ka sa sunansa a matsayin mai alhakin aikin danjar gaba ɗaya. Da ya gane, ka ce masa ci gaba ne, shi kuma ya ji nauyin musa maka a gabana.

Kun ci kwangila. Daga ranar ba ku bar shi ya buɗe akwatin danja ko ɗaya ba. Kun ajiye shi a sito yana gadin yashi.

Makon jiya ruwan farko ya sauka. Danjar mahaɗar da tireloli ke bi ta ba kowane ɓangare kore a lokaci guda, tirela ta kwashi motar ma'aikata, mutum biyu na kwance a asibiti. Masu bincike sun tona ƙasa, sun tarar da kebul na cikin ɗaki, wanda ko raɓa ba ya jurewa. Na karanta sharuɗɗan kwangilar da idona, Larabcina bai tsufa ba. An rubuta kebul mai jure ruwa, ɓaro-ɓaro.

Jiya kamfaninku ya yanka masa huruj niha'i, bizar fita ba dawowa. Iƙamata, takardar zama, da ta Mansura a jikin tasa suke rataye, kuma wa'adin zai cika kafin jarrabawarta ta gama sakandare. Yarinyar da aka haifa a nan unguwar Manfuha, wadda in ta yi Hausa a waya kakarta ke tuntsurewa da dariya, ina zan kai ta ta ƙarasa?

Abu ɗaya nake nema. Ka je gaban masu bincike ka faɗi wanda ya sayo kebul ɗin da wanda ya sa aka binne shi, a soke bizar nan.

Wassalam.
Yayarka, wadda ta ɗauko ka a filin jirgi da jaka ɗaya,
Tabawa

*

Sulay, Riyad

Zuwa ga Yaya Tabawa, babbar yaya kuma uwa,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki. Ina gaida maigidanki Yaya Inuwa da ɗiyata Mansura. Wallahi na karanta takardarki tsaf.

Yaya, wayata ba ɓoye miki nake ba, kwanakin nan mushkila ce ta ko'ina. Injunan zuƙe ruwa na ƙarƙashin gada, mudir shugaban kamfani na kira, kafili na kira, ko sallah a tsaye-tsaye nake yi.

Maganar kebul, ba ni na ƙera shi ba. Dillali ne ya kawo, ya rantse mai kyau ne, lokaci kuma ya ƙure. Kin san yadda aikin nan yake, kowa haka yake yi, namu ne Allah ya ƙaddara ruwa ya tona.

Ki duba da idon basira. In sunan Yaya Inuwa ya tsaya a kai, za a ce kuskuren tsufa ne, ya tafi gida da mutuncinsa, khalas, shi ke nan. In nawa ya fito, ba huruj ba ne, gidan yari ne, ga yarana ƙanana. Kuma a karɓe kwangilar, 'yan'uwanmu da ke cin abinci a kamfanin nan duk su watse. Ni na roƙi kafili ya tsaya a huruj, da ya so kai ƙara. Wannan ba a gode min ba.

Shi kansa Yaya Inuwa bai ce min komai ba. Shekaranjiya mun haɗu a masallaci, ya ce, "Yaro, ka rame, kana cin abinci kuwa?" Ke ce kika ɗauki zafi.

Tikiti da kargo duk a wuyana. Mansura kuwa akwai makarantun Larabci a gida, ma'alesh, shekara ɗaya ba komai ba ce.

Kuma don Allah kada ki ɗora min ni kaɗai. Ban taɓa sa sunan nan ba sai da na yi shawara da manya. Ki tambayi Yaya Hansai.

Ƙaninki mai biyayya har abada,
Nu'uman

*

Funtuwa

Tabawa,

Sallama da fatan alheri. Ya sanyi, ya Malam Inuwa, ya 'yar Larabawa? Inna tana gaishe ki. 'Yata Hajar ce ke rubuta min, za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki.

Na ji saƙonki na murya, har sau uku na saurara saboda ihun ya hana ni gane wasu kalmomin. E, na sani. Bara Nu'uman ya kira ni ya ce ga dama ta samu amma sai da takardar Malam Inuwa, kuma in abu ya ɓaci sunansa ne a gaba. Na ce ya yi. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Kin tafi da ƙuruciyarki, ga shi furfura ta fito miki a ƙasar mutane. Ni ke juya Inna a kan gado, ni ke wanke ta, ni ke jin tana kiran sunanki da asuba tana ce min Tabawa. Ke kina can kina karanta littattafai kina yi wa marasa lafiya tafinta a asibiti, uwarki ba ta da mai yi mata. Na ce a raina, in aikin ya yi kyau kowa ya samu, in bai yi ba Allah ya dawo mana da ke. Ban roƙi hatsari ba, Allah shaida ne.

Yanzu abin da nake so, ki rufa wa gidanmu asiri. Kada a ji a Funtuwa cewa 'yar Inna ta kai autan Inna kurkuku a ƙasa mai tsarki. Wallahi labarin kaɗai zai ƙarasa ta. Na sa an share miki ɗakin kudu, an yi masa fenti.

Allah ya huci zuciyarki.
Yayarki,
Hansai

*

Ulaisha, Riyad
Janairu

Yaya Hansai,

Wa alaikumus salam. Ki gaida Inna, ki riƙe mata hannu ki ce daga ni ne. Ki gaida Hajar, rubutunta ya yi kyau, abin da aka sa ta rubuta ne bai yi ba.

Ashe fenti ma an yi. Yaushe, Yaya? Kafin ruwan ko bayansa?

Da kin ce min, "Tabawa, na gaji, zo ki karɓe ni," wallahi da na zo. Bakinki bai yi nauyin ba da izini a jingina sunan mijina ba, sai wajen faɗa min kin gaji ya yi nauyi. Gajiyarki gaskiya ce, ban musa ba. Amma ba ki aiko min da ita ba, kin miƙa wa Nu'uman ya binne ta tare da kebul ɗinsa, ta tashi a ƙarƙashin tirela. Ɗaya daga cikin mutanen da ke asibiti ni na yi masa tafinta. Ɗan Maraɗi ne, ƙafarsa ba za ta koma daidai ba. Shi wa zai share masa ɗaki?

Mansura ta daina cin abinci. Jiya ta tambaye ni da Larabci, wai Funtuwa akwai laburare? Na ce akwai ɗaki mai sabon fenti.

Ga abin da zan yi, ina faɗa miki a fili don ni ba na aiki a bayan mutum. Masu bincike sun kira Baban Mansura ranar Lahadi. Na nemo Bachir da Laouali, 'yan Nijar ɗin da suka haƙa ramin kebul ɗin. Sun ce Nu'uman na tsaye a kansu ranar, har Bachir ya ce masa, "Patron, wannan na ɗaki ne," ya ce su rufe kawai. Sun yarda su yi shaida, da sharaɗin dattijo ya fara buɗe baki, don ba za su riga shi ba. Na zaunar da shi na maimaita masa abin da zai faɗa kamar mai koyar da ɗan aji ɗaya. Jimla ɗaya ce: ban taɓa aikin nan ba. Ya ce to. Na goge masa farar jallabiyarsa.

Asirin gida da kike so a rufa, da 'yata kuka rufa shi. Ni zan ɗauke ta daga kai.

Ƙanwarki,
Tabawa

*

Ulaisha, Riyad

Nu'uman,

Salam.

Na san ka ji, amma ina so ka ji daga wadda ke zaune a wurin.

Jami'in binciken ya tambayi Baban Mansura cikin ladabi, "Ya Hajj, wa ya sa aka binne kebul ɗin nan?" Bachir da Laouali na bakin ƙofa suna jira. Malam ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "Sunana ne a kai."

Jami'in ya ce, "Ba suna na tambaya ba."

Ya ce, "Ni ne."

Muka shiga mota, muka wuce Manfuha. Na ce, "Malam, me ya sa?" Ya ce, "Tabawa, ƙaninki ne. Da wane baki zan kira sunansa a gaban Larabawa, in dawo gida in dube ki?" Wai ni ya yi wa kara. Ku uku, kai da Yaya Hansai da shi, kun yanke hukunci a kaina, kowa na cewa don ni ya yi, ba wanda ya tambaye ni.

Jirginmu ranar Alhamis. Tikitin da ka saya mana na hannun Dawuda, mun sayi namu. Kada ka zo filin jirgi. Mansura ta raba littattafanta ga ƙawayenta, ta ce in gaya wa Khalu, wato kai kawunta, ta gode da kabsa.

Dawuda ya bi da mu ta mahaɗar da aka yi hatsarin. Danjar na nan tana ƙyafta ruwan ɗorawa, ɗan sanda na ba da hannu. Sauran mahaɗun da kuka yi, kai ka san abin da ke ƙarƙashinsu. An ce akwai hadari mako mai zuwa, kuma tsohon da ke karanto maka lamba ya tafi.

Tabawa