Ni Ne Na Buga Motar Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ina nan ina tuƙa motar kai kaya. Bayana na ɗan damuna, amma da sauƙi.

Akwai maganar da na kasa yi maka a waya. Ka tuna farar motar Baba da kake koya mini tuƙi da ita? Ranar da aka tarar ƙofarta ta lotse, ni na zare makullin daga aljihunka kana wanka, na goga ta da katanga. Ina tsaye Baba ya mare ka, ya ce, "Ba kai ba sitiyari har abada." Ka dube ni, ba ka ce komai ba. Ni ma na yi shiru.

Shekara goma ina cin abinci da tuƙin nan, kai kana zuwa shago a ƙafa. Baba ya rasu bai sani ba. Don Allah ka faɗa wa Inna, ni bakina ya yi nauyi. Ka yafe mini.

Ƙaninka.